Yadda Ake Ɗora Yarinya a Kan Turbar Wasan Ƙwallon Ruwa

A shekarar 2016, a birnin Rio na ƙasar Brazil, 'yan matan Amurka suka doke na Italiya da ci 12 da 5 a wasan ƙarshe na ƙwallon ruwa a gasar Olamfik. Wadda ta tsare musu raga a ranar ita ce Ashleigh Johnson, baƙar fata ta farko da ta shiga tawagar matan Amurka ta wannan wasa a Olamfik. An haife ta a 1994 a jihar Florida, mahaifiyarta kuwa ma'aikaciyar jinya ce 'yar asalin Jamaika mai 'ya'ya biyar, kuma tsoron kada yaran su faɗa tafkin da ke gidansu su nitse ne ya sa ta kai su koyon iyo tun suna ƙanana. Daga wannan tsoro na uwa aka samu mai tsaron ragar da ta sake cin zinariya a gasar Olamfik ta Tokyo, inda Amurka ta lallasa Sifaniya da ci 14 da 5.

Ina koya wa 'yan mata iyo a ranakun Asabar a nan Accra, kuma yawancin ɗalibaina daga Nima da Mamobi da Madina suke zuwa. Idan uwa ta ga 'yarta ta saki jiki a ruwa, takan tambaye ni ko akwai wani abu gaba da wannan, ni kuma nakan ambata mata ƙwallon ruwa. Wasa ne na mutum bakwai bakwai, shida a fili ɗaya a raga, ana yin sa cikin zango huɗu na minti takwas takwas, a ruwan da zurfinsa bai gaza mita 1.8 ba. Ba a taka ƙasan tafki, ba a riƙe ƙwallo da hannu biyu sai mai tsaron raga, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da kimanin rabin minti kacal ta kai hari ko a karɓe ta ba abokan hamayya. Ragar tana da faɗin mita 3 da tsayin santimita 90 daga saman ruwa. Mai kallo daga waje kawuna da hannuwa kaɗai yake gani, amma mafi yawan aikin a ƙarƙashin ruwa ake yin sa, saboda haka tsarin da nake bi shi ne a fara da iyo, a daɗe a kan ƙafafu, ƙwallo kuwa ta zo daga baya.

Kafin komai, a nemo tafkin iyo mai tsabta wanda yake da mai ceto a bakinsa. A Accra akwai na Jami'ar Ghana da ke Legon, wanda motar Madina ke kai mutum kusa da shi, akwai na filin wasanni na Bukom, sannan akwai na Borteyman da aka gina domin gasar wasannin Afirka ta watan Maris na 2024. A Kumasi akwai na jami'ar KNUST, wanda 'yan Aboabo da Asawase ke isa da motar Tech. Teku ba wurin koyo ba ne, ko da yake yaranmu sun saba tururuwa zuwa Labadi bayan Sallah, domin igiyarsa tana jan mutum ciki ta ƙarƙashi, kuma ko gwani yana shakkarta. Shekara shida zuwa takwas lokaci ne mai kyau na farawa, amma 'yar shekara goma sha biyu ma ba ta makara ba. Abin da ake so ta iya a wannan mataki shi ne fitar da numfashi cikin ruwa ba tare da firgita ba, kwanciya rigingine a saman ruwa, iyon rub da ciki na wurga hannuwa, iyon baya, da kuma iyon kwaɗo, wanda daga gare shi ne aikin ƙafar da zan yi bayani ya samo asali. Ma'aunina shi ne ta yi mita 200 ba tare da ta kama bakin tafki ba. Idan ba ta kai nan ba, ban yarda a shigar da ita wasan da wata za ta danne mata kafaɗa a ruwa mai zurfi ba, komai ɗokinta.

Daga nan sai ƙafafu, kuma a nan ne nake roƙon iyaye su yi haƙuri da ni. 'Yar wasan ƙwallon ruwa tana tsayawa a cikin ruwa ne ta hanyar juya ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, juyin da nake kira juyin maburgi, domin ya yi kama da yadda maburgi ke kaɗa miyar kuka a tukunya. Ana fara koyonsa a tudu. A zaunar da yarinya a bakin benci, ta buɗe gwiwoyinta fiye da faɗin kafaɗunta, cinyoyinta su tsaya wuri ɗaya, daga gwiwa zuwa ƙasa kaɗai zai motsa. Ta zana da'ira da ƙafar dama tana juyowa ciki, sannan ta yi haka da ta hagu, yatsun ƙafa a ɗage sama ba a miƙe ba, domin da cikin tafin ƙafa da gefen ƙwauri ake ture ruwan. Idan kowace ƙafa ta gane hanyarta, sai a haɗa su ta yadda ɗaya na shigowa ɗaya na fita. Wannan saɓanin shi ne sirrin abin, domin idan ƙafafun biyu suka buga tare kamar na kwaɗo, jiki zai riƙa tashi yana nitsewa, alhali abin da ake nema shi ne kai da kafaɗu su tsaya cak kamar tana zaune a kujera. Daga benci a koma bakin tafki ƙafafu na cikin ruwa, daga nan ta shiga tana riƙe da baki, sannan ta saki tana taimaka wa kanta da tafukan hannu.

Na ga wahalar wannan mataki a kan 'yar ƙanena, wadda ta kusa wata biyu ƙafarta ta hagu tana ƙin bin ta dama. Wata Asabar ta fito daga ruwa idanunta jawur, ta zauna kusa da ni tana ɗigar da ruwa ta ce, "Gwaggo, ni dai ƙwallon nake so, wannan juyin ya ishe ni." Na ji tausayinta na ba ta ƙwallo kafin lokaci, kuma wannan kuskurena ne. Da yake ƙafafunta ba su iya ɗaga ta ba, sai ta riƙa jifa da ƙarfin kafaɗa kaɗai, haɓarta na nitsewa duk lokacin da ta ɗaga hannu, kuma cikin 'yan makonni kafaɗar ta fara ciwo har muka dakata da komai. Da muka dawo, na ajiye ƙwallon a gida, muka koma juyin maburgi mataki mataki: da farko tafukan hannu a waje na daƙiƙa talatin, daga baya gwiwoyin hannu a waje, daga baya hannuwa biyu a miƙe sama. Sannan muka kai ga galan. Ana cika ƙaramin galan na lita biyar da ruwa, ba babban nan mai ruwan ɗorawa da ake ɗibar ruwa da shi a unguwa ba, a kife shi a buɗe, yarinya ta riƙe shi sama da kanta tana juya ƙafafu har ruwan ya tsiyaye. Da farko nauyin yakan tura ta ƙasa har hanci, amma yana raguwa tana tasowa, kuma ita da kanta takan lura da bambancin daga mako zuwa mako. Wanda ya kalli Ashleigh Johnson tana tasowa daga ruwa har kusan ƙugu ta kaɗe ƙwallo a kusurwar raga, wannan juyin ne yake gani bayan shekaru masu yawa ana maimaita shi.

Idan ƙafafu sun zauna, sai a kawo ƙwallo. Ta mata ita ce mai lamba 4, nauyinta tsakanin giram 400 zuwa 450, kuma jikinta yana da kaushi domin kada ta zame daga jiƙaƙƙen hannu. Yara ƙanana suna da nasu masu ƙanƙanta. Abu na farko shi ne iyo da kai a sama, idanu na kallon gaba, ƙwallo na tafiya tsakanin hannuwa a kan ɗan tozon ruwan da ƙirji ke turawa, gwiwoyin hannu a ɗage suna tsare ta. Na biyu shi ne ɗaukar ƙwallo ta ƙarƙashinta, domin wadda ta danna ta daga sama tana iya nitsar da ita, kuma nitsar da ƙwallo lokacin da abokiyar hamayya ta taɓa mai riƙe da ita laifi ne. Wajen jifa, gwiwar hannu ta kasance sama da kafaɗa, ɗaya kafaɗar ta nuna inda za a jefa, a murɗa ƙugu da ƙirji tare, wuyan hannu ya ƙarasa aikin. Wannan ɓangare yana da sauƙin yi a gida, domin bangon tsakar gida ya isa: ta tsaya taku uku daga bango, ta jefa da hannu ɗaya ta cafe da shi, sau ɗari da dama sau ɗari da hagu. A haɗa mata da atisayen jan roba mai talewa na minti goma kafin kowane horo, domin kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi jin jiki a wannan wasa.

Akwai wata magana da nake so iyayenmu su ji game da bahaguwar yarinya. A gidajenmu ana hana yaro ci da miƙa abu da hagu, kuma wannan tarbiyya tana nan daram, babu mai taɓa ta. Amma a cikin ruwa bahaguwa dukiya ce, domin idan aka ajiye ta a ɓangaren dama na fili, hannun jifarta yana fuskantar tsakiyar raga, kuma masu horarwa a ko'ina nemanta suke yi. Kada a tilasta mata sauya hannun jifa. Haka kuma a bar jikinta ya nuna gurbin da ya dace da ita: doguwa mai dogayen hannuwa da saurin ido ta gwada raga, kakkaura mai ƙarfin ƙirji ta gwada zaman gaban raga inda ake kokawa, siririya mai gudu kuwa ta kama gefe.

Batun sutura shi ne wanda ya fi tsaya wa iyaye a rai, kuma ni ma ba na ɗaukarsa da wasa. Rigar da mata ke sawa a manyan gasanni matsattsiya ce mai zif a baya, hannuwa da cinyoyi a buɗe, kuma dalilin matsewar shi ne duk abin da ya yi sako-sako abokiyar hamayya za ta kama shi ta ja. A wajen koyo da horo babu abin da ya tilasta wannan. Ana samun rigar iyo mai rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu da wuyan hannu, da hular iyo mai rufe gashi, a kanta kuma a ɗaura hular wasa mai marufin kunne. Sharaɗin kawai shi ne ta kasance ta yadin iyo mai kama jiki, domin atamfa ko rigar auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, tana kuma iya naɗe ƙafa. Wata rana a wani tafki mai kula da ƙofa ya hana ɗalibaina shiga saboda dogayen rigunansu, sai da na kai wa shugaban wurin rigar ya taɓa yadin da hannunsa kafin a bar mu, kuma tun daga ranar nakan je ni kaɗai in daidaita wannan magana kafin in kawo yara. Idan iyaye mata biyar ko shida suka haɗa kuɗi, suna iya neman a keɓe musu sa'a ɗaya da sassafe, da mace mai horarwa. Na kuma lura cewa babu abin da ke kwantar da hankalin gida kamar a gayyaci kaka ta zo ta gani da idonta. Wata dattijuwa da ta fi kowa ƙin abin ta zauna a kujera tana jan carbi har muka gama, da za ta tafi ta ce mini, "Malama, ashe haka abin yake? To, Allah Ya tsare mana su." Idan yarinya ta kai matakin gasa, a tambayi masu shirya gasar ƙa'idar sutura tun kafin a biya kuɗin rajista, sannan gida ya yanke hukunci da saninsa, ita ma a ji ta bakinta.

Kafin kowane wasa alƙalai sukan duba farce, don haka a yanke shi ƙwal, a cire 'yan kunne da zobe da warwaro. Lalle kam ba ya hana komai. A jiƙa gashi da ruwan famfo kafin shiga, a ɗauraye shi bayan fita a shafa man kaɗanya, domin maganin da ake zuba wa tafki yana busar da gashi da fata. Mai iyo tana yin gumi ko da ba ta ji ba, don haka gorar ruwa ta zauna a bakin tafki. Koko da ƙosai sa'a biyu kafin horo sun wadatar, bayan horo kuma waakye da ƙwai ko kifi. A watan azumi nakan mayar da horon manya zuwa atisayen tudu da jifa a bango, domin a wasan nan haɗiye ruwa ba ya da wuya.

Dole ne kuma a gina mata haƙuri, domin ƙarƙashin ruwa ana riƙo, ana ja, ana shuri, kuma alƙali ba ya ganin duka. Ƙaramin laifi jifa kawai ake ba wa ɗaya ɓangaren, amma babban laifi, kamar danne 'yar wasan da ba ta riƙe da ƙwallo ko jawo ta baya, yana sa a fitar da mai laifin na kimanin daƙiƙa ashirin, ƙungiyarta ta rage mutum biyar a gaban shida, kuma a irin wannan lokaci ne ake cin ƙwallaye da yawa. Wadda ta tara manyan laifuka uku ta gama wasan ranar. Wadda aka tsokana ta rama a fili ita usur ke kamawa, saboda haka nakan koya wa yara su ɗaga hannuwa sama alƙali ya gani, su bar ƙafafu su yi musu faɗan.

Game da inda turbar take kaiwa, gara a faɗa wa yarinya gaskiya tun da wuri. Maza suna buga wannan wasa a Olamfik tun 1900, amma mata sai a gasar Sydney ta 2000 aka ba su dama, bayan 'yan wasan Ostareliya sun yi zanga-zangar neman haƙƙinsu, kuma su ne suka ci zinariyar farko. Italiya ta ci a 2004, Holan a 2008, Amurka sau uku a jere daga 2012, Sifaniya kuma a 2024. Daga nahiyarmu, matan Afirka ta Kudu ne suka fara zuwa, a gasar Tokyo. Ashleigh Johnson ta bi ta kulob ɗin yara da makarantar sakandare a Florida, sannan ta shiga Jami'ar Princeton, wadda ba ta ba da tallafin karatu saboda wasanni, wato sai da sakamakon jarrabawarta ya yi kyau kafin ƙofar ta buɗe. Ta ajiye karatu na shekara guda domin shirin Rio, ta koma ta kammala digirinta a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a 2017, sannan ta buga wa kulob a Italiya da Girka, domin ƙwararrun kulob na mata a ƙasashen Turai irin waɗannan da Sifaniya da Hangare suke. Kuɗin ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne ko kusa. Gab da gasar Olamfik ta Paris ta 2024, kyaftin ɗin Amurka a lokacin, Maggie Steffens, wadda ta fi kowace mace cin ƙwallaye a tarihin wasan a Olamfik, ta fito fili ta ce 'yan wasa da dama suna haɗa wasan da wasu ayyuka domin su riƙe kansu, har wani shahararren mawaƙi ya ɗauki nauyin tawagar. A can Paris ɗin ma Ostareliya ta fitar da su a bugun fenareti, Holan ta ƙwace tagulla da ci 11 da 10, suka koma gida hannu rabbana bayan zinariya uku. Saboda haka ban taɓa yarda a rage wa yarinya boko ko makarantar allo saboda horo ba, kuma wadda sakamakonta ya faɗi nakan dakatar da ita har ta gyara.

A nan Ghana wasan jariri ne. Sai a 2016 ne ma ƙasar ta fara aika masu iyo zuwa Olamfik, wato Kaya Forson da Abeiku Jackson. Ƙwallon ruwa kuwa ya samu gindin zama ne ta hannun Asante Prince, wanda ya buga wasan a California ya zo Ghana ya kafa ƙungiyar Black Star Polo, yana horar da yara maza da mata. Abin da ya dace iyaye su yi shi ne su sa 'yarsu a kulob ɗin iyo da ke ƙarƙashin hukumar iyo ta ƙasa, ta riƙa shiga gasar tsere domin a rubuta lokutanta a hukumance, sannan su tuntuɓi masu ƙwallon ruwa domin ta samu abokan wasa, tunda ba a koyon wasan mutum bakwai a kaɗaice. Idan babu ƙungiyar mata a kusa, yara shida da ƙwallo ɗaya da kujeru biyu a bakin tafki a matsayin raga sun isa a fara uku da uku. A yi mata takardar haihuwa da shekarunta na gaskiya, domin gasannin yara da shekarar haihuwa ake raba su, a kuma yi fasfo da wuri ba sai gayyata ta zo ba. A sayi littafi guda a riƙa rubuta kwanan wata, lokacinta a mita 50 da mita 100, da yawan daƙiƙun da ta riƙe galan a sama. Duk wata uku a ɗauki bidiyonta da waya daga gefen tafki, a tsaye wuri ɗaya ba tare da girgiza ba, ana ganin iyonta da jifarta da tsayuwarta a ruwa, a ajiye shi tare da kwafin sakamakon makaranta na zangon, domin waɗannan biyun ne mai horarwa na wata jami'a ko wani kulob zai fara tambaya.